Kan Ungulu Ba Ya Nuna Wa Kowa Gobe

Na gaji da jin zancen nan na kan ungulu. Da zarar zaɓe ya ƙarato, ko wani ya ƙwallafa rai a kan kujera ko kwangila, sai ka ji ana raɗa cewa in aka samu kan ungulu aka haɗa da kaza da kaza, mutum zai hango abin da ke tafe, kuma babu mai kayar da shi. Wasu su ce ƙwaƙwalwarta maganin farfaɗiya ce, wasu su ce hayaƙin gashinta yana korar aljanu. A kan wannan zance ake ta karkashe tsuntsuwar, har ta kai a garuruwa da yawa na Arewa yaro zai girma ya yi aure bai taɓa ganin ta a kan katangar kwata ba.

Ungulun da nake nufi ita ce ƙaramar nan mai sanƙo da muka saba gani a mahauta da bayan kasuwa. Tun 2015 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa ta cikin waɗanda ke gab da ƙarewa. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, don haka duk wadda aka kashe ba a mayar da gurbinta da wuri.

To daga ina camfin ya fito? Mutanen da sun ga cewa dabba na faɗuwa a dokar daji, kafin wani ya ankara ungulaye sun cika wurin, sai suka ɗauka tsuntsuwar ta san da mutuwar tun ba a yi ta ba. Lallai ungulu ba ta jewar banza, amma ido ne da ita, ba duba take yi ba. Idan rana ta take, iska mai zafi tana ɗaga ta sama can, ta riƙa shawagi tana leƙen ƙasa, tana kuma lura da 'yan'uwanta. Ɗaya na sauka, ta kusa da ita ta biyo, ta nesa ma ta ga haka ta karkato. Iyakar sirrin ke nan. Kuma ko da a ce baiwa ce ta musamman, wa ya ce ana gadon baiwa ta ciki? Mun shekara muna cin kifi, babu wanda ya iya iyo ta wannan hanya.

Ga wata tambaya da nake so mai sayen kan ya yi wa bokansa: in tsuntsuwar nan tana ganin gobe, me ya sa ta sauka a kan mushen da aka barbaɗa wa guba? Ai da haka ake kama ta. Mafarauci yakan sami mushen akuya ko jaki ya zuba masa maganin ƙwarin gona irin su Furadan, ya koma gefe yana jira, ungulaye su faɗo gaba ɗaya. A ƙasar Gini Bisau, a 2020, an tsinci gawar ungulu sama da 2,000 da aka kashe da guba, da yawansu an yanke kawunan. Gubar nan ba ta ɓacewa don an shanya kan a rana. Abin takaici, irin wannan guba ita kanta tana sa jijjiga da kumfar baki, amma ita za a jiƙa a ɗura wa yaron da ke fama da farfaɗiya, alhali cutar tana da magani a asibiti. Wannan wane irin rashin tausayi ne? Ba a ma zancen abin da malamai suka daɗe suna faɗa game da zuwa wurin boka.

Aikin da ungulu ke yi mana kyauta ya wuce duk abin da boka zai yi alkawari. Cikinta yana da ruwa mai tsananin tsami da ke kashe ƙwayoyin cuta, har da na ciwon saifa da ke kayar da shanu. Indiya ta ɗanɗana rashinta. A shekarun 1990 aka riƙa yi wa shanu allurar diclofenac, ungulayen da suka ci mushensu ƙodarsu ta lalace, sama da kashi 95 cikin 100 suka mutu. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan titi suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Ban da camfi da guba, akwai wayoyin lantarki da kuma sare dogayen itatuwa, su ma suna yi wa ungulu tasu ɓarnar.

Abin yi a fili yake. Kada ka saya, ko kai ko ƙafa ko gashi, domin mafarauci ba ya wahalar banza sai ya san akwai mai biya. Makiyayi da kura ko karnuka suka dame shi, don Allah kada ya sa wa mushe guba. Abin da yake hari sau da yawa yakan tsira, ungulu da shaho ne za su kwashi kashinsu a hannu. In ka ga mushe da matattun tsuntsaye kewaye da shi, kada ka taɓa da hannu, kada ka bar yara ko karnuka su matso, a haƙa rami mai zurfi a binne nesa da rijiya, a sanar da mai unguwa da malaman daji. Sarkin Pawa yana da ta cewa a nan fiye da kowa: ya hana baƙin fuska zuwa kwata da tarko, ya kuma bar wa tsuntsayen wani gefe da ake zubar da tarkacen yanka. Mai gonar da ungulu ta yi sheƙa a kan giginyarsa ko riminsa ya ɗaga wa itacen ƙafa, ko reshe kada ya sara sai ɗan ya tashi. Iyaye su karɓe danƙo daga hannun yaran da ke harbin sheƙa. Masu sayar da magungunan gargajiya kuma su sani Najeriya tana da dokar kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, an kuma ƙara tsananta tararta a 2016.