Ɗinkin Sallah a Kano: Daga Kantin Kwari Zuwa Gaban Tela

Bahaushe bai saba sayen tufafin fita a ɗinke ba. Duk da shagunan kayan kanti da suka cika titunan Kano, abin da mutum zai sa ya je Idi ko ɗaurin aure har yau yadi ne ake sayowa, a kai wa tela ya auna, ya yanka, ya ɗinka. Ke nan kayan Sallah ciniki biyu ne, ɗaya da mai yadi, ɗaya da mai keke, kuma kowanne da irin tasa rigimar.

A gidan mai tsari tun watan Sha'aban ake fara lissafi. Nauyin yana wuyan maigida: iyalinsa, iyayensa in suna raye, da ƙannen da ke hannunsa. Mai mata biyu ya san doka. Abin da ya saya wa uwargida shi zai saya wa amarya, kuɗi ɗaya, sau da yawa ma zane ɗaya sai dai launi ya bambanta, don kada a wayi garin Sallah da shari'a a tsakar gida. Yara kuwa daga yadi guda ake yanka musu, shi ya sa za ka ga huɗu ko biyar sun jero wajen yawon Sallah iri ɗaya sak, ba sai an gaya maka 'yan gida ɗaya ba ne. Saurayin da maganarsa ta je gaban manya shi ma bai tsira ba, akwai toshin Sallah a kansa: atamfa, mayafi, takalmi da kayan kwalliya. Awon ma kowa ya haddace shi. Turmin atamfa yadi shida ne, leshi biyar, kaftani da wandon babban mutum huɗu zuwa biyar, babbar riga da 'yar ciki da wando kuma sai an kai goma.

Duk wannan lissafi a Kantin Kwari yake ƙarewa, kasuwar yadin nan ta Fagge da fatake ke zuwa sari tun daga Nijar, Chadi da Kamaru. A goman tsakiyar azumi ba ka tafiya a layukanta, turo ka ake yi. Samari 'yan kamasho na tsaye a bakin kowane gida suna "Hajiya, me ake nema? Shigo ki duba, gani ba saye ba ne." Abin da ba a cika faɗa wa Hajiya ba shi ne kusan duk abin da za ta duba ɗin baƙo ne. Shaddar da ake kira gezna ta kamfanin Getzner ce da ke garin Bludenz a Ostiriya. Atamfar Holan ta Vlisco ce. Galila rinin Mali ne. Mafi yawan sauran, wato abin da talaka ke iya saye, daga Sin ake jibgo shi.

Wannan abin takaici ne ga garin da tufafi ya yi wa suna. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, saƙa da rini ya tarar su ne ƙashin bayan arzikinta, ana kai kayanta har Timbuktu da Tarabulus. Turkuɗin Kura mai sheƙi shi Buzaye ke naɗawa. Marinar Ƙofar Mata, wadda allon ƙofarta ke ɗauke da shekarar 1498, tana nan, amma ramukan da ke aiki ba su kai waɗanda suka bushe ba. Masaƙun zamani ma da suka zo daga baya, irin su Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 da sauran na Kakuri, da na Bompai da Sharaɗa a nan Kano, yawancinsu rashin wuta da kayan fasa-ƙwauri sun durƙusar da su. Saboda haka duk lokacin da dala ta motsa, kamar yadda ta yi tsalle bayan an saki naira a 2023, sai kayan Sallar yaron da ke Ɗorayi su motsa tare da ita.

Mai saye ba shi da wata hukuma da yake tunawa da ita a wannan wuri, idonsa da hannunsa su ne kariyarsa. Jabu ta yi yawa, kuma masu yin ta sun iya kwaikwayon tambari da leda har da rubutun bakin yadi. Don haka za ka ga dattijo ya murza shadda a tsakanin yatsu, ya ɗaga ta ga haske, ya sunsuna. Mace kuma tambayarta ta farko ita ce, "Ba ta zuba?" Wata har ta jiƙa gefen atamfar ta goga da farin ƙyalle. Mai shago zai rantse, amma gaskiya sai a wankin farko take fitowa, ranar da shaddar da ke ɗaukar ido ta koma laƙwas, sai an sa mata sitaci an kai wa masu bugu kafin ta farfaɗo. Kuma dokar kasuwa ita ce in almakashi ya shiga, ciniki ya faɗa. Shi ya sa kowane gida ke riƙe da mai shagonsa, wanda uwa ta saya a wajensa 'yarta ma ta gada. Amana ce ke yin aikin rasit.

Daga nan sai gaban tela, mutumin da ya fi kowa shan zagi a watan da aka hana zagi. Kalmominsa an san su: "Gobe in Allah ya yarda." "Saura maɓalli." "Yana wajen aiki." Na ƙarshen nan sau da yawa gaskiya ne, domin riga ɗaya hannu da yawa take bi. Tela ya yanka ya haɗa, mai surfani ya yi aikin wuya, ko da injin hannu ko da na kwamfuta da ya mamaye yanzu, wani ya fasa gidan maɓalli, wani ya goge. In wuta ta ɗauke a wajen ɗaya, ko man janareto ya gagara, duk layin ya tsaya. Babbar riga mai aikin hannu irin ta Zariya, aska biyu ko aska takwas, wannan ba a ma maganarta a azumi, domin aikin watanni ne.

Wanda ya fi kowa sanin cikin wannan lamari shi ne yaron shago. Ubansa ne ke kawo shi ya damƙa wa maigidan, ya ce ga shi nan a koya masa abin yi. Ba keke ake fara ba shi ba. Shara zai yi, da aike, da hura gawayin dutsen guga, sannan sa maɓalli da kalmasa, sannan a bar shi ya haɗa wandon yara. Yanka shi ne ƙarshe, don nan ne sirrin yake, nan ne kuma asarar take in hannu ya kauce a shaddar mutane. Ka zauna da irin waɗannan yara, da yawansu ɗaliban sakandare ne da ke zuwa bayan an tashi, za ka ji ɗaya ɓangaren labarin. Su ne ke ganin mai kawo yadi ranar ashirin da biyar ga azumi yana magiya da "don girman Allah", da mai nuna hoto a waya ya ce irin wannan yake so alhali yadinsa bai kai ba, da wanda bai ba da ko kafin alƙalami ba amma ya fi kowa ɗaga murya, da kayan da aka gama tun bara suna rataye mai su bai zo da kuɗi ba. Su ne kuma ke ganin laifin maigidansu, wanda ya san dare goma ne ya rage amma bai iya cewa a'a, saboda abin da zai samu a wannan wata shi zai riƙe shi har Babbar Sallah. A ganina laifin tela na gaskiya ɗaya ne, karɓar abin da ya san ba zai gama ba. Sauran duk tarayya aka yi. Akwai kuma tsohuwar maganar ragowar ƙyalle, na mai kaya ne ko na shago, wadda malamai kan taɓo a wajen tafsiri kowa ya yi dariya, telolin da ke wurin su sunkuyar da kai.

Ɓangaren mata da nasa tsarin. Matan aure da yawa da kekensu a ɗaka suke ɗinka wa unguwa. Inda kuma telan namiji ne, gidajen da ke kiyayewa ba sa barin a gwada mace, tsohuwar rigarta ake aikawa a ɗauki awo a jiki. Yanzu ga wani sabon rukuni ya taso, 'yan mata da samarin jami'a da kwalejoji masu ɗinka abaya, doguwar riga da hijabi, su ɗauki hoto su sa a WhatsApp da Instagram, su liƙa sunansu a wuyan riga. Ba sa son a ce musu tela, kuma kuɗinsu ya ninka na telan bakin layi. Tsofaffin hannu na yi musu kallon masu tsada ba gwaninta, wani lokacin ma da gaskiyarsu. Amma yaran sun zo da abin da sana'ar ta daɗe tana nema: suna rubuta awo da ranar karɓa, suna karɓar rabin kuɗi tun farko, kuma suna iya sanar da cewa sun rufe karɓar ɗinkin Sallah. Inda abin ya tsaya musu shi ne yadin kansa. Ɗalibin da ya karanta zanen tufafi a Jami'ar Ahmadu Bello zai iya zana atamfar da ta fi ta kasuwa kyau, sai dai masaƙar da za ta buga masa ita ce ke da wuyar samu.

Ranar Idi ake sa mafi tsada. Mai hali yana da na Hawan Daushe daban, na Hawan Nasarawa daban. Bayan nan kayan su koma na Juma'a da biki, in sun kwana biyu a miƙa wa ƙane ko almajirin gida. Tela kuwa yakan sauko daga Idi ya faɗi barci, wani ma da tsohuwar rigarsa ya je, don nasa yadin yana ƙarƙashin tebur ba a yanka ba. Hutun ba ya wuce mako guda, domin bukukuwan da aka ɗage saboda azumi duk bayan Sallah ake sa su, ƙawayen amare kuma tuni sun fitar da anko.