Yadda Mutanen Aceh Suka Sake Hura Wuta A Murhu Bayan Ambaliyar Teku

Ran Lahadi 26 ga watan Disamba na shekarar 2004, saura kaɗan ƙarfe takwas na safe, ƙasa ta yi girgiza a ƙarƙashin teku, yamma da tsibirin Sumatra na ƙasar Indonesiya. Masana sun auna ƙarfinta ya kai maki 9.1, watau tana cikin mafi tsanani da aka taɓa aunawa. Bayan kamar minti ashirin zuwa talatin sai ruwan teku ya taso ya yi tsiri, a wasu wurare tsayinsa ya kai mita 30, ya auka wa lardin Aceh. Wannan ita ce ambaliyar da a ke kira tsunami. Ta halaka mutane wajen 230,000 a ƙasashe 14, kuma fiye da 160,000 daga cikinsu mutanen Aceh ne. Waɗanda suka rasa muhalli a lardin sun kai rabin miliyan.

An sha ba da labarin jiragen agaji da kuɗin da duniya ta tara. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda mutumin da ya wayi gari ba mata, ba ɗa, ba ko tabarma, ya sami ƙarfin tashi washegari.

Masallaci ya zama gida

Mutanen Aceh Musulmi ne tun da daɗewa, har a kan yi wa ƙasarsu laƙabi da Zauren Makka, domin ta nan alhazan tsibiran ke shiga jirgin ruwa a zamanin da. A tsakiyar birnin Banda Aceh akwai babban masallacin Baiturrahman, wanda Turawan Holand suka sake ginawa tsakanin 1879 da 1881 bayan tsohon ya ƙone a yaƙin da suka yi da mutanen ƙasar. Ruwa ya shigo harabarsa da itatuwa da tarkace, amma ginin bai faɗi ba, jama'a da yawa kuwa a cikinsa suka tsira. A ƙauyen Lampuuk, dab da gaɓar teku, ruwa ya share kome da kome, masallacin Rahmatullah kaɗai ya rage a tsaye.

A kowane ƙauye na Aceh akwai wani ɗaki da a ke kira meunasah, inda a ke salla, a ke taron dattawa, yara kuma ke koyon karatun Alƙur'ani. Waɗanda suka tsira daga cikin irin waɗannan ɗakuna, da masallatai, su suka zama masauki da wurin rabon abinci da wurin cigiya. A nan ne kiran salla ya yi wa mutane wani amfani da ba su taɓa lura da shi ba. Wanda ba shi da gona, ba shi da kasuwa, ba shi da inda za shi, kwanaki su kan rikice masa. Amma da ladan ya ɗaga murya sai ya san Asuba ta yi, ya tashi ya nemi ruwa, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da wani wanda shi ma abin ya shafa. Salloli biyar suka raba masa yini gida biyar, ya riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya.

Wata babbar damuwa ita ce ta gawawwaki. Sun yi yawan da ba a iya yi wa kowa wanka da likkafani, kuma akasarinsu ba a gane su ba. Cikin 'yan kwanaki majalisar malaman Indonesiya ta ba da fatawa cewa lalura ta halatta a binne su tare. A kabarin Siron kaɗai an rufe mutum fiye da 46,000. Tun da ba wanda ya san inda nasa ya ke, sai iyalai suka riƙe abin da ya rage a hannunsu, watau addu'a. Al'adarsu ce a taru a gidan mamaci a yi ta karanta Ƙulhuwallahu da hailala, a ci abinci tare, kusan kamar sadakar bakwai da ta arba'in a ƙasar Hausa. Da gidajen suka tafi sai aka riƙa yin taron a cikin tanti.

Tukunya da makaranta

Mata sun fi maza mutuwa nesa ba kusa ba. Da safiyar ran nan maza da yawa suna can tsakiyar teku wajen kamun kifi, inda igiyar ta wuce ta ƙarƙashin kwale-kwalensu, ko kuwa sun fita harkokinsu. Mata na gida, da yawansu suka tsaya neman yara, kuma ba su saba da iyo ko hawan itace ba. Ƙungiyar Oxfam ta ƙidaya waɗanda suka rage a ƙauyuka huɗu na Aceh Besar, ta tarar maza sun ninka mata wajen sau uku.

Sabo da haka aikin gida ya faɗo a kan wanda bai saba ba. Masunci da bai taɓa wanke shinkafa ba ya koyi ɗora tukunya, ya koyi yi wa yaro wanka da wanke masa tufa. Kakanni da gwaggwanni suka ɗauki marayu. A wajen mai baƙin ciki wannan ɗawainiya rahama ce a ɓoye, gama yaro mai jin yunwa ba ya jira sai hawayen ubansa ya bushe.

Ran 26 ga watan Janairu na 2005, wata ɗaya daidai, aka sake buɗe makarantu, wasu a cikin tanti. Azuzuwa da dama sun rage rabi, malamai da yawa sun rasu. Duk da haka yaro ya sami dalilin wanke fuska da sassafe, iyaye kuma suka sami lokacin raka shi da lokacin jiran dawowarsa. Maza su ma suka koma shagunan shan gahawa, waɗanda Banda Aceh ta yi suna da su, inda a ke jin wa ya rayu, wa ya ga wane, ina a ke ɗaukar lebura.

Babbar Salla ta zo musu ran 21 ga Janairu, ba a ko cika wata ba. Mutanen Aceh na da wata al'ada mai suna meugang, wadda a ke dangantawa da zamanin Sarki Iskandar Muda, wanda ya yi mulki daga 1607 zuwa 1636. Sau uku a shekara, kafin azumi da jajiberen salloli biyu, kowane magidanci ya kan sayo nama a dafa a ci tare da iyali, a aika wa marayu da matalauta. A shekarar 2005 dubban mutane sun yi azumi da salla a tanti da dogayen ɗakunan katako na wucin gadi. Ranar da a ke haɗuwa a ci tare ita ce ranar da a ka fi ganin gurbin wanda babu, amma ita ce kuma ta ke tuna wa mutum cewa yana da sauran dangi.

Abin da ya biyo baya

Ba kowane wa'azi ne ya sanyaya zuciya ba. An sami masu cewa azaba ce sabo da zunuban jama'a, har wasu suka ɗora laifin a kan mata, abin da ya ƙara wa masu makoki nauyi. Kuma akwai waɗanda suka shekara da shekaru barci na gagararsu, suna firgita da ƙarar ruwa, sai da suka haɗa da likita. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan ƙungiyoyin agaji suka fitar da ƙa'idojin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a lokacin bala'i. Cikin abubuwan da suka nanata har da haɗa iyali wuri guda, da mai da yara makaranta da wuri, da ba jama'a damar yin ibada da makoki bisa al'adarsu.

Bala'in ya zo da wani sauyi kuma. Yaƙin da a ke yi tun 1976 tsakanin gwamnati da 'yan awaren GAM ya ƙare da yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Helsinki ran 15 ga Agusta na 2005, bisa shiga tsakanin Martti Ahtisaari, tsohon shugaban ƙasar Finland. Daga 2005 zuwa 2009 an gina gidaje wajen 140,000. Gwauraye suka sake aure, kuma masu bincike da suka bi diddigin iyalai shekara da shekaru sun tarar haihuwa ta ƙaru a garuruwan da suka fi yin hasarar rayuka, musamman a wajen uwayen da suka rasa 'ya'ya. Masunta, waɗanda dama ba su fita ran Juma'a, suka ƙara 26 ga Disamba cikin ranakun da ba a shiga teku. A ranar iyalai kan tafi manyan kaburburan nan su yi addu'a ga kowa da kowa.

Tatsuniyar kaka

Tsibirin Simeulue na kusa ƙwarai da inda girgizar ta auku, mutanensa kuwa sun kai 78,000, amma bakwai kacal aka rasa. Dalili shi ne a 1907 irin wannan ambaliya ta taɓa cinye musu jama'a. Waɗanda suka tsira suka sa mata suna smong, suka saka labarinta cikin hirar dare da waƙoƙin renon yara: in ƙasa ta girgiza, ruwan teku ya janye, a bar kome a hau tudu. Kakanni suka faɗa wa jikoki, jikoki suka faɗa wa nasu, har shekara 97. Da safiyar ran Lahadin nan, kafin wani jami'i ya ce uffan, mutanen Simeulue sun riga sun ɗauki yaransu sun nufi kan tsauni.