Matani da Hashiya: A Bai Wa Masu Karatu Damar Sanya Laƙabi a Laburaren Manyan Makarantun Dutse

Mu ɗauki ɗaliba 'yar ajin ƙarshe da ke karanta aikin gona a Dutse, wadda ta tashi a gidan manoma a Kiyawa ko Jahun, ta kuma zaɓi ta rubuta kundin kammala digirinta a kan ƙudujin da ke addabar gero da dawa a gonakin garinsu. Ta san wannan ciyawa tun tana yarinya. Ta san furenta mai ruwan hoda, ta san yadda dawa ke tsumburewa tun kafin ciyawar ta leƙo daga ƙasa, ta kuma ji dattawa na kiran ta wuta-wuta saboda yadda take barin gona kamar an babbake. Idan ta zauna gaban kwamfutar laburare ta rubuta "ƙuduji", a kusan kowace jami'a ta ƙasar nan ba abin da zai fito mata. Ta canza zuwa "wuta-wuta", nan ma shiru. Ga littattafan jere a kan kanta, taku kaɗan daga inda take zaune, amma ba za ta kai gare su ba sai ranar da wani ya gaya mata cewa masana na kiran abin Striga hermonthica. Tsakanin wannan ɗaliba da ilimin da take nema kalma ɗaya ce kawai, kuma cike irin wannan giɓi bai fi ƙarfin laburaren manyan makarantun Dutse ba, matuƙar za su yarda masu karatu su riƙa sanya wa littattafai laƙabi da kalmomin da suka sani.

Sai an san yadda ake tsara laburare kafin a gane tushen matsalar. Duk littafin da ya shigo, ma'aikaci zai ba shi lamba wadda ke nuna kantar da zai zauna, sannan ya ba shi kanun maudu'i daga wani ƙayyadadden jeri da ba shi da ikon sauyawa yadda ya ga dama. Yawancin jami'o'in Najeriya suna bin tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ne, wasu makarantun kuma suna bin tsarin da Melvil Dewey ya fitar a 1876. Wannan ƙa'ida tana da babban amfani, domin ita ce ke sa littafi ɗaya ya sami suna ɗaya a Dutse da Zariya da Landan. Sai dai mai tsara jeri da idon garinsu yake kallon duniya. A tsarin Dewey, daga lamba 220 zuwa 280 Baibul da Kiristanci ne suka mamaye, aka tattara Musulunci baki ɗayansa a 297. Tun a 1971 wani ma'aikacin laburare Ba'amurke, Sanford Berman, ya wallafa littafi guda a kan son zuciyar da ke cikin kanun maudu'in Laburaren Majalisar. Gyaran kuwa tafiyar hawainiya yake yi. A 2014 ɗaliban Kwalejin Dartmouth suka nemi a cire wani kanu da ke muzanta baƙin haure, ba a sauya shi ba sai a Nuwamban 2021. Idan ɗaliban Amurka sun jira shekara bakwai a kan kalma ɗaya ta harshensu, babu dalilin da zai sa manomin Jahun ya zauna jiran ranar da za a sa ƙuduji a wannan jeri.

Ko a cikin harshe ɗaya ma, mutane ba sa haɗuwa a kan kalma kamar yadda ake zato. Wani bincike da George Furnas da abokan aikinsa suka wallafa a 1987 ya nuna cewa idan aka ce wa mutum biyu su sa wa abu ɗaya suna, damar su zaɓi kalma iri ɗaya ba ta kai ɗaya cikin biyar ba. Maganin da suka hango shi ne a bai wa kowane abu sunaye masu yawa, yadda ta duk ƙofar da mai nema ya biyo zai iske shi. Intanet ce ta sa hakan ya yiwu cikin araha. A 2003 Joshua Schachter ya buɗe shafin Delicious, inda mutum ke adana adireshin duk shafin da ya yi masa amfani, ya liƙa masa 'yan kalmomi don tunawa, kowa kuma yana iya ganin abin da wasu suka adana a ƙarƙashin kalmar. Ba a jima ba masu bincike suka sami irin nasu, CiteULike da Connotea a 2004, sai LibraryThing a 2005, Jami'ar Pennsylvania kuma ta gina PennTags domin masu amfani da laburarenta. Duk matashin da ya taɓa sa alamar # a gaban kalma a Facebook ko X ya riga ya iya wannan aiki, illa dai ba a taɓa gayyatarsa ya yi shi a kan littafi ba.

A ƙasar Hausa wannan dabara ba baƙuwa ba ce. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon kwafin Risala ko Ishriniya da aka yi karatun zaure da shi ya ga yadda ake barin fili tsakanin layuka da gefen shafi. Matani na tsakiya da babban rubutu, ba mai taɓa shi. A kewaye da shi kuwa ga ƙananan rubuce-rubuce, wani da Larabci, wani da ajami, inda ɗalibi ya rubuta ma'anar kalma mai wuya kamar yadda malaminsa ya fassara masa, wanda ya gaji littafin ya ƙara nasa. A Borno an sami tsofaffin kwafe-kwafen Alƙur'ani masu ɗaruruwan shekaru ɗauke da irin wannan sharhi cikin tsohon harshen Kanembu. Malamanmu ba su ɗauki hashiya a matsayin raini ga matani ba, sun ɗauke ta tsani ce da na baya zai taka. Katalog ɗin da ƙwararren ma'aikaci ya tsara shi ne matani, laƙabin masu karatu kuma hashiya. Abin da ake nema kawai shi ne a bar fili a gefen shafi.

Dutse ta fi wurare da yawa buƙatar wannan fili. Jihar Jigawa a 1991 aka ƙirƙiro ta, Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 aka kafa ta, Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa kuma a 2013. Makarantu ne matasa, ba su da tarin littattafan da jami'o'in Zariya ko Ibadan suka shafe shekaru fiye da sittin suna tarawa. Dukiyar da suke da ita wadda babu irinta a ko'ina ita ce abin da ɗalibansu da malamansu ke rubutawa a kan ƙasar da suke zaune: dabinon da ya sa cibiyar NIFOR ta ajiye reshen bincike a Dutse, riɗi da zoɓon da ake lodi zuwa ƙasashen waje, cinikin dabbobi a kasuwar Maigatari, kacallar da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru, tsuntsayen jan-baki, zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu. Kowace shekara ana ɗaure irin waɗannan kundaye a jera a kanta, kuma da sunayen Turanci ko na Latin ake rajistarsu. Riɗi kaɗai wani zai rubuta sesame, wani beniseed, wani Sesamum indicum, kundi uku a kan shuka ɗaya ba wanda ya san da ɗan'uwansa. Laƙabi guda na Hausa ya isa ya tara su wuri ɗaya, ya kuma hana ɗalibin baɗi maimaita aikin da na bara ya riga ya gama. Malamin gona da ke yawo ƙauyuka, ko ɗan jaridar gidan rediyo mai shirin noma, shi ma zai sami ƙofar shiga.

Ƙorafi na farko da ma'aikatan laburare ke yi mai nauyi ne, wato idan aka sakar wa kowa alƙalami za a sami hargitsi. Wani zai rubuta zoɓo, wani zobo ba lanƙwasa, wani zoɓorodo, wani yakuwa, wani ma ya sa kalmar da ba ta da amfani ga kowa sai shi, kamar "jarrabawar Litinin". Gaskiya ne hakan na faruwa. Sai dai Scott Golder da Bernardo Huberman, da suka nazarci Delicious a binciken da suka wallafa a 2006, sun gano cewa da zarar kimanin mutum ɗari sun adana shafi ɗaya, rabon kalmomin da ake liƙa masa yakan daidaita, masu ma'ana su yi rinjaye, sauran su koma gefe. Ban da haka, yawan sunaye a nan riba ce, tunda mai neman zobo da mai neman zoɓo duk littafi ɗaya suke so, kuma wayoyi da yawa ba a saita su da haruffa masu lanƙwasa ba. Batun zagi ko ɓatanci kuwa yana da magani. Manhajar Koha, wadda aka fara ginawa a New Zealand a 1999 kuma laburare da dama a Najeriya ke aiki da ita kyauta, tana da sashen laƙabi a cikinta, ana iya saita ta yadda sai mai rajista ne zai rubuta, kuma ba abin da zai bayyana sai ma'aikaci ya amince. Aikin ƙwararre bai ragu ba ke nan, ƙaruwa ya yi, domin shi ne zai zama malamin da ke duba hashiya.

Ƙorafi na biyu daga malamai yake zuwa: da Turanci ake koyarwa a jami'a, kuma sauƙaƙa wa ɗalibi da Hausa zai sa ya yi kasala wajen koyon kalmomin fanninsa. Wannan tsoro bai yi la'akari da yadda abin ke aiki ba. Ɗalibar da ta rubuta ƙuduji, abin da zai bayyana a gabanta shi ne rajistar littafin da cikakken kanunsa na hukuma, da sunan Latin a rubuce. A wannan minti ta koyi kalmar da za ta buɗe mata dubban maƙaloli a rumbunan mujallu irin su AGORA, wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe a 2003 domin ƙasashe masu tasowa. Laƙabin Hausa gada ce zuwa kalmar fanni. Kuma ba Hausa kaɗai ba, domin Jigawa gida ce ga masu Fulatanci da Manganci, makiyayi kuwa yana da sunayen cututtukan shanu da ciyayi da babu su a ƙamus ɗin kowa.

Ƙorafi na uku shi ne mafi ƙarfi, kuma dole a karɓe shi. Yawancin shafukan da suka fara wannan harka sun mutu. Yahoo ta sayi Delicious a 2005, ya yi ta sauya hannu har ya daina aiki yadda aka san shi. An rufe Connotea a 2013, CiteULike kuma a 2019. Wanda bai kwashe abin da ya tara ba ya yi asara. Darasin da ke ciki shi ne kayan aro ba ya rufe katara. Laƙabin da ɗaliban Dutse za su tara ya kamata ya zauna a cikin katalog da rumbun kundaye na makarantarsu, a kan na'urar da makarantar ke da iko da ita, a riƙa kuma ajiye kwafi. Don aikin rukuni, manhajar Zotero, wadda Jami'ar George Mason ta fitar a 2006, kyauta ce, tana aiki a kwamfuta ko babu intanet, tana kuma barin mutum ya kwashe bayanansa duk lokacin da ya so. Wannan ya rage kaifin matsalar wuta da tsadar data, ga shi kuma rubuta kalma uku a kan rajistar littafi ba ya cin abin da kallon bidiyon minti ɗaya ke ci. Masu cewa Google da manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun wadatar su tuna cewa waɗannan abin da aka ɗora a intanet kawai suke gani. Kundin da ke kan kanta a Dutse, wanda ba a taɓa haɗa shi da kalmar kacalla a rubuce ba, ba su san da zamansa ba.

Saura batun wa zai yi aikin, domin laburaren jami'a ɗaya ba zai tara mutum ɗari a kan kowane littafi ba, kuma sashen laƙabin da aka kunna aka bari ba ya cika kansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka sai an shigar da abin cikin tsarin karatu. Kwas ɗin koyon amfani da laburare da 'yan shekarar farko ke yi wuri ne da ya dace kowane ɗalibi ya sa wa littattafai biyar laƙabi, a duba, a ba shi maki. Duk mai miƙa kundin kammala karatu a nemi ya ƙara kalmomi uku zuwa biyar na Hausa ko wani harshen gida a kan na Turancin da ya saba rubutawa. Malaman harshe su taimaka da daidaita rubutu, ma'aikatan laburare kuma su riƙa tace kalmomin da suka fi yawo suna mayar da su jeri na dindindin. Idan jami'ar tarayya da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da ke Dutse da jami'ar Kafin Hausa suka yi amfani da jeri ɗaya, cikin 'yan shekaru Jigawa za ta mallaki ƙamus na kalmomin noma da kiwo da lafiya da kasuwanci wanda ya haɗa bakin manomi da alƙalamin masani.

Kira a nan ga shugabannin laburare ne da majalisun jami'o'i da kwalejojin jihar nan. Ba sabon gini ake nema ba, ba kuma kwangila ba. A kunna sashen laƙabi, a naɗa ma'aikaci ɗaya ya kula da shi, a fara da kundayen aikin gona na shekara guda, a auna sakamakon a ƙarshen zango. Magabatanmu sun bar fili a gefen shafi domin na baya su rubuta, shi ya sa karatunsu ya iso gare mu. Ya rage namu mu bar wa 'ya'yanmu irin wannan fili.