Ciniki da Gobe: Musayar Matasa da Taurari a Ƙwallon Kwandon NBA

A ƙwallon ƙafa, idan kulob ya ƙyalla ido a kan ɗan wasa, kuɗi yake ƙirgawa ya miƙa wa kulob ɗin da ke riƙe da shi. A gasar ƙwallon kwando ta NBA, wadda ƙungiyoyi 30 ke bugawa a Amurka da Kanada, musaya ake yi. Duk ƙungiyar da ke son ɗauko babban tauraro daga wata, sai ta fitar da wani abu mai daraja daga cikin gidanta, kuma abin da aka fi nema a hannunta iri biyu ne: matasan 'yan wasanta masu tasowa, da guraben da za ta samu a zaɓen sabbin 'yan wasa na shekaru masu zuwa. Saboda haka shugaban kowace ƙungiya yakan wayi gari wata rana da tambaya mai nauyi a gabansa: in riƙe yaran nan in jira su nuna, ko in ba da su in karɓi wanda duniya ta riga ta ga aikinsa?

Yadda kasuwar take

Kowace shekara, galibi a watan Yuni, ana zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'in Amurka da sauran ƙasashe. Zagaye biyu ake yi, kowace ƙungiya tana da gurbi ɗaya a kowane zagaye. A NBA babu faɗawa rukunin 'yan dagaji. Ƙungiyar da ta kwashi kashi a kakar wasa ma ita ake tausaya wa: ƙungiyoyi 14 da suka kasa shiga wasannin fitar da gwani su ke shiga ƙuri'ar guraben farko, kuma tun daga 2019 uku da suka fi kowa shan kaye kowacce tana da damar kashi 14 cikin ɗari ta samun gurbi na ɗaya. Wannan gurbi dukiya ne, ana iya musayarsa tun shekara bakwai kafin lokacinsa ya zo. Wanda ya karɓe shi ba ya sanin darajarsa sai ranar ta yi: idan ƙungiyar da ta ba shi ta yi ƙarfi, gurbin ya koma can ƙasa, idan ta durƙushe, ya zama zinariya.

Akwai kuma batun albashi. Gasar tana da iyakar abin da ƙungiya za ta biya 'yan wasanta gaba ɗaya, wadda a kakar 2024-25 ta ɗan haura dala miliyan 140, kuma wanda ya zarce ta da yawa sai ya biya haraji mai zafi. Tauraron da ya shekara goma a gasar zai iya cin kashi 35 cikin ɗari na wannan adadi shi kaɗai, wato wajen dala miliyan 49 a shekara. Yaron da aka zaɓa a gurbi na ɗaya a 2024 kuwa albashinsa na shekarar farko bai kai dala miliyan 13 ba, kuma ƙungiyarsa na iya riƙe shi shekara huɗu a kan farashin da aka ƙayyade tun farko. Matashi mai kyau ke nan yana yin aikin manya a kan kuɗin yara, ya bar wa ƙungiya rarar da za ta ɗauki wasu da ita.

Hujjar masu son tauraro

Mutum biyar kacal ke cikin fili daga kowane ɓangare, kuma gwani zai iya buga minti 40 daga cikin 48, ƙwallo na bi ta hannunsa a kusan kowane hari. Tasirin mutum ɗaya a nan ya fi na ɗan ƙwallon ƙafa nesa ba kusa ba. Ga shi kuma yaro, komai yabon da aka yi masa, alkawari ne kawai. Cleveland ta ɗauki Anthony Bennett a gurbi na ɗaya a 2013, bai wuce kaka huɗu a gasar ba. Portland ta ɗauki Greg Oden a 2007 ta bar Kevin Durant, ciwon gwiwa ya cinye Oden. Masu wannan ra'ayi sukan ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Tarihi ya sha ba su gaskiya. A kakar 2006-07 Boston Celtics ta ci wasa 24 kacal cikin 82. Da bazara ta zo, shugabanta Danny Ainge ya ba da gurbi na biyar da wasu 'yan wasa ya ɗauko Ray Allen daga Seattle, sannan ya tattara Al Jefferson da wasu mutum huɗu da gurabe biyu ya miƙa wa Minnesota a kan Kevin Garnett. Da suka haɗu da Paul Pierce, Boston ta ci wasa 66 ta ɗaga kofin 2008. A 2014 Cleveland ta ba da Andrew Wiggins, wanda ta zaɓa a gurbi na ɗaya watanni biyu kafin nan, ta karɓi Kevin Love don ya tsaya kusa da LeBron James, kofi ya zo a 2016. A 2019 Los Angeles Lakers ta ba New Orleans Brandon Ingram da Lonzo Ball da Josh Hart da gurabe uku a kan Anthony Davis, ta ci kofin 2020. A 2020 Milwaukee ta zuba gurabe masu yawa a kan Jrue Holiday domin ya dafa wa Giannis Antetokounmpo, ɗan iyayen Nijeriya da aka haifa a Girka, kuma a 2021 suka ci kofin da garin ya shekara 50 yana jira.

Duk waɗannan ƙungiyoyi abu ɗaya ya haɗa su. Kowacce tana da babban gwani a gida tun kafin ta shiga kasuwa, kuma wanda ta ɗauko yana cikin ganiyarsa: Garnett yana da shekara 31, Davis 26, Love 25, Holiday 30.

Hujjar masu haƙuri

A 2013 Brooklyn Nets ta so ta maimaita abin da Boston ta yi, da mutanen Boston ɗin kansu. Ta karɓi Garnett da Pierce da Jason Terry, ta ba da gurabenta na zagayen farko na 2014 da 2016 da 2018, tare da bai wa Boston damar musanya gurbi da ita a 2017. Sai dai Garnett ya riga ya kai shekara 37, Pierce kuma 35. Nets ta wuce zagaye ɗaya a wasannin fitar da gwani, Miami ta kore ta a na biyu. Pierce ya tafi bayan kaka ɗaya, Garnett ya bi bayansa a Fabrairun 2015. Daga nan ƙungiyar ta rushe: wasa 21 ta ci a kakar 2015-16, ta ci 20 a ta gaba, ita ce ta ƙarshe a duk gasar. A ƙa'ida irin wannan wahala ce ke kawo gurbi mai kyau, amma guraben suna hannun Boston, kuma Nets ba ta gindaya wani sharaɗi a kansu ba. Da na 2016 Boston ta ɗauki Jaylen Brown. Na 2017 ya fito na ɗaya, ta musanya shi da Philadelphia ta sauko na uku ta ɗauki Jayson Tatum. Waɗannan biyun ne suka ciyo mata kofinta na 18 a 2024.

Labarin Los Angeles Clippers ya fi wannan ciwo, domin ita ba tsoho ta saya ba. A Yulin 2019 Kawhi Leonard ya yarda zai zo mata idan ta kawo Paul George. Oklahoma City ta gane Clippers ba ta da mafita, ta tsuga farashi: gurabe biyar na zagayen farko, damar musanya gurbi sau biyu, Danilo Gallinari, da wani siririn yaro ɗan Kanada da ya buga kaka ɗaya tak, Shai Gilgeous-Alexander. Clippers ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2021, karon farko a tarihinta, amma raunuka suka hana taurarin nan biyu zama a fili tare yadda ake so, kuma George ya koma Philadelphia a 2024 ba tare da Clippers ta samu komai a madadinsa ba. A 2025 yaron nan da aka bayar ya zama gwarzon ɗan wasan gasar, ya jagoranci Oklahoma City ta ci wasa 68 ta kuma ɗaga kofi. Babban mataimakinsa, Jalen Williams, da ɗaya daga guraben Clippers aka zaɓe shi a 2022.

Irin wannan ɓarna ta daɗe. A farkon shekarun 1980 mai ƙungiyar Cleveland, Ted Stepien, ya yi ta raba gurabensa har hukumar gasar ta kafa dokar da ake kira da sunansa, wadda ta hana ƙungiya ta bar kanta babu gurbin zagayen farko shekara biyu masu zuwa a jere. A ɗaya gefen kuma, Golden State ta ƙi sakin Klay Thompson lokacin da ake zawarcin Kevin Love a 2014, ta ci kofi huɗu da shi.

Yadda ɗan Zariya ya auna tasa

Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, shi ne shugaban Toronto Raptors a 2018, kuma cinikin da ya yi a wannan shekarar ya cancanci a dube shi da kyau. Toronto ta ci wasa 59 a kakar da ta gabata, ita ce kan gaba a shiyyar Gabas, amma shekara uku a jere LeBron James yana fitar da ita. A Yulin 2018 LeBron ya koma Lakers a shiyyar Yamma, hanya ta buɗe. A daidai lokacin Kawhi Leonard ya ɓata da San Antonio. Shekarunsa 27, ya taɓa zama gwarzon wasannin ƙarshe a 2014, amma wasa 9 kawai ya buga a kakar da ta wuce saboda rauni, kwantiraginsa saura shekara ɗaya, kuma kowa ya san zuciyarsa tana Los Angeles.

Waɗannan aibobi su suka karya farashinsa. Ujiri ya ba da DeMar DeRozan, wanda ya shekara tara a ƙungiyar kuma mutanen gari ke ƙauna, da matashi Jakob Poeltl, da gurbi ɗaya tal wanda ya ɗaure da sharaɗin cewa idan ya faɗo cikin 20 na farko Toronto za ta riƙe abinta. Ya hana a taɓa Pascal Siakam ɗan Kamaru da OG Anunoby, yaran da ya fi yarda da su.

A wasannin fitar da gwani na 2019, a wasa na bakwai da Philadelphia, ana kunnen doki 90 da 90, Leonard ya kwaso ƙwallo zuwa kusurwar dama ya cilla ta sama da hannun Joel Embiid daidai lokacin da ƙararrawa ta kaɗa. Ƙwallon ta yi tsalle sau huɗu a bakin kwando, shi kuma yana tsugune a gefen fili yana kallo, kafin ta faɗa ciki. A wasan farko na zagayen ƙarshe da Golden State kuwa, Siakam ɗin da aka ƙi sayarwa shi ya ci maki 32. Toronto ta ɗauki kofin 2019, karon farko da ya fita daga Amurka. Bayan 'yan makonni Leonard ya tafi, kamar yadda aka yi tsammani, amma ƙungiyar ba ta durƙushe ba, domin matasanta da gurabenta suna nan.

Abin da ya kamata a auna

Idan aka jera waɗannan labarai, za a ga cewa nasara ko asara ta rataya ne a kan yadda ƙungiya ta san matsayinta. Abu na farko, wa take da shi a gida? Tauraro yana ɗaga ƙungiya mai ƙarfi zuwa kofi, amma da wuya ya ɗauki rarrauna shi kaɗai. Na biyu, shekarun wanda za a ɗauko da lafiyar jikinsa: guraben da aka bayar za su zo ne bayan shekara uku, biyar, bakwai, don haka dole a tambaya ina ƙungiyar za ta kasance a lokacin. Na uku, kwantiraginsa: shekara nawa ya rage, kuma idan ya tafi me zai saura? Na huɗu, sharaɗi a kan gurabe, wanda rashinsa ne ya mayar da kuskuren Brooklyn ya zama na shekaru. Na biyar, kuma mafi wuya, sanin wane yaro ne ba a sayarwa. Ƙungiya ta fi kowa ganin matasanta a wajen atisaye kullum, saboda haka ba ta da uzuri idan baƙo ya riga ta gane darajarsu.

Yarjejeniyar da hukumar gasar ta ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a 2023 ta ƙara wa lissafin nauyi. Yanzu ƙungiyar da albashinta ya haura wani mataki na sama ba haraji kawai za ta biya ba: ana hana ta haɗa albashin 'yan wasa biyu ko fiye don ɗauko mai tsada, ana kuma ɗaure gurbinta na shekara ta bakwai mai zuwa. Tara taurari uku masu cin kashi 35 kowannensu ya zama hanya mai ƙunci, kuma darajar yaro mai araha ta ƙaru.

Duk da haka tsoro ma kuskure ne. Ƙungiyar da ke da gwani irin Giannis a ganiyarsa, ta zauna tana tattalin gurabe, ta zalunce shi ta kuma zalunci magoya bayanta, domin shekarun ƙarfin ɗan wasa kaɗan ne kuma ba sa dawowa. Shugaba nagari yakan tara matasa da gurabe a shekarun da ƙungiyarsa ba ta isa ba, ya kashe su ranar da mutum ɗaya ne ya rage tsakaninsa da kofi, kuma ko a ranar ya san sunan yaro ɗaya ko biyu da zai tashi daga teburin ciniki saboda su.