Jari a Kamfanin Ilimi: Abin da Shekaru Suka Nuna

Daga Aboabo zuwa Asawase, da wuya ka wuce layi biyu a Zangon Kumasi ba ka ci karo da makarantar kuɗi ba. Da sassafe yara na tururuwa cikin kayan makaranta, iyaye kuma ko da bashi sai sun biya. Wannan ne ya sa 'yan kasuwarmu ke cewa ilimi haja ce da ba ta kwantai, tunda kullum haihuwa ake yi. Tun da MTN ta sayar wa jama'a hannun jarinta a 2018, kowane ɗaya a kan pesewa 75, har ta wayar hannu ana saye, maganar hannun jari ta shigo zaurukan hira. Yanzu akan ji matashi yana cewa da zai sami kamfanin makarantu guda ɗaya mai ƙarfi, da ya zuba ajiyarsa a ciki ya manta da ita shekara ashirin.

Akwai waɗanda suka yi hakan, kuma ana iya duba yadda ta kaya musu.

Mai hannun jari ta hanya biyu yake samu: rabon riba da kamfani ke yi wa masu shi, da kuma tashin farashin hannun jarin ranar da zai sayar. Daga abin da ya samu sai a cire abin da tsadar kaya ta cinye. Ragowar ita ce riba ta gaskiya.

Mu ɗauki Pearson na Ingila, wanda aka kafa a 1844, ya fara da aikin gine-gine, daga baya ya zama gagarabadau a littattafan karatu da shirya jarrabawa. Ba baƙo ba ne a Ghana. A 2012 ya sa kuɗi a makarantun Omega, waɗanda Ken Donkoh da James Tooley suka fara a yankin Kasoa, inda a lokacin yaro ke biyan kuɗin makaranta kullum-kullum kamar yadda ake zubin adashi. A shekarar 2000 hannun jarin Pearson ya haura fam 20 a kasuwar Landan. Wanda ya saya a lokacin, ya rungume hannu yana jira, a ƙarshen 2024 abin da ke hannunsa bai kai fam 13 ba. Shekara ashirin da huɗu ke nan. An yi ta ba shi rabon riba, gaskiya ne, kuma wannan ya rage masa zafi. To amma shi ma rabon bai tsira ba: a 2017 an zaftare shi daga kwabo 52 zuwa kwabo 17 a kan kowane hannun jari. A watan Janairun shekarar, cikin yini ɗaya farashin ya faɗi da kusan kashi 30 cikin ɗari.

Abin lura a nan shi ne ɗalibai ba su daina karatu ba. Ɗaliban jami'o'in Amurka ne suka gaji da tsadar sababbin littattafai, suka koma haya da sayen na hannu da karantawa a intanet. Buƙatar ilimi tana nan daram, hanyar da kamfanin ke bi yana cin kuɗi a kanta ce ta toshe. Wannan bambancin shi ne ke ɓace wa masu lissafin zaure.

Akwai kuma hannun hukuma, wanda ya fi nauyi a harkar ilimi fiye da harkar siminti ko sabulu. Kamfanin New Oriental na ƙasar Sin ya shiga kasuwar New York a 2006, waɗanda suka saya da wuri sun ga kuɗinsu ya ninka sau da yawa. A watan Yulin 2021 gwamnatin Sin ta hana neman riba da darussan ƙarin karatu na 'yan makaranta, sai kamfanin ya rasa fiye da rabin darajarsa a yini ɗaya. Mu ma a Ghana mun ga ƙanin wannan. Da aka fara karatun sakandare kyauta a Satumban 2017, makarantun sakandare masu zaman kansu da yawa sun wayi gari azuzuwansu sun yi fayau. Iyayen Zango sun yi murna, kuma sun cancanci murnar. Wanda jarinsa ke cikin irin waɗannan makarantu shi ya kwana a ciki. Ranar da ta yi wa uba daɗi ta kan zama ranar da ta yi wa mai jari ɗaci, kuma a unguwanninmu sau da yawa mutum ɗaya ne uban, shi ne kuma mai jarin.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Meridian-Marshalls Holdings, kamfanin makarantu da ya shiga sashen ƙananan kamfanoni na kasuwar hannun jarin Ghana a 2015. Shekara da shekaru farashinsa na yawo a kusa da pesewa goma. Mai kallon lamba zai ce ai ba a yi asara ba. Sai dai a 2015 wajen sidi huɗu ke sayen dala ɗaya, a 2024 sai da ta haura sidi 15. A Disambar 2022 tsadar kaya ta kai kashi 54 cikin ɗari. Pesewa goman da ta tsaya cik ba ita ce ta da ba, duk wata mai sayen shinkafa a kasuwar Kejetia za ta shaida.

Abin da ya fi damuna da irin wannan jari ma ba farashin ba ne, rashin masaya ne. Ɗan kasuwar goro ya san cewa idan kuɗi ya ƙure masa, zai karya farashin huhu ɗaya ya sami mai ɗauka kafin la'asar. Hannun jarin ƙaramin kamfani kan yi makonni ba a yi cinikinsa ba. Ranar da rashin lafiya ta faɗo, ko kuɗin hayar shago ya zo, takarda ce kawai a hannunka.

Ban ce kowa ya guji kasuwar hannun jari ba. Waɗanda suka sayi MTN a 2018 suka riƙe sun ga alheri. Amma masu hannun jarin UT Bank su ma haƙuri suka yi, har zuwa Agustan 2017 da Babban Bankin Ghana ya karɓe lasisinsa. Ajiyar da aka tara da zufa a kasuwar Asawase ta fi ƙarfin a ɗora ta kan kamfani ɗaya, balle wanda minista zai iya sauya masa ƙaddara da sanarwa guda.

Wanda niyyarsa lada ce, ga makarantun allo da na Islamiyya nan a Zango suna neman rufin kwano da benci, wannan lissafinsa daban. Wanda kuwa riba yake nema, ya je wurin dillali mai lasisi, ya nemi rahoton shekara na kamfanin, ya duba ko ɗalibai ƙaruwa suke yi ko raguwa, ya ga sau nawa aka raba riba cikin shekara biyar. Sannan ya tambayi dillalin yaushe rabon da wani ya sayi hannun jarin nan.