Wai kwamfuta maguɗi take yi a wasan yaƙi?

Duk wanda ya taɓa zama kusa da samarin da ke buga wasannin yaƙi a kwamfuta ya san ƙorafin nan: "Wallahi na'urar nan cuta take yi." Sojojinsa sun fi yawa, tankokinsa sababbi fil, amma an fatattake shi a bakin kogi. Tun da zancen ƙirƙirarriyar basira ya cika gari, ƙorafin ya samu sabon salo. Yanzu cewa ake yi wai abokin gaban da ke cikin wasan yana nazarin mutum, yana haddace dabarunsa, gobe ya juyo masa da su. Wannan magana ta fi ƙona mini rai, domin gaskiyar lamarin kusan kishiyarta ce. Abin da ke hana masu ƙera waɗannan wasanni barci shi ne wautar kwamfutar, da yadda za su ɓoye ta.

Mu ɗauki Hearts of Iron IV, wanda kamfanin Paradox na birnin Sitokholm a Suwidin ya fitar ranar 6 ga Yunin 2016. Wasa ne na Yaƙin Duniya na Biyu. Mutum zai zaɓi ƙasa ɗaya, ya fara daga 1936 ko 1939, ya riƙe masana'antunta da binciken makamanta da rundunoninta, sauran ƙasashen duniya kuwa duk kwamfuta ce ke jan ragamarsu. Wannan kwamfutar ba ta koyon komai daga wasan jiya. Ƙa'idoji ne mutane suka rubuta mata da hannu, kowace da makinta: idan fagen daga kaza ya yi rauni, ƙara masa sojoji, idan ƙarfinka ya rinjayi na abokin gaba da kaza, kai hari, idan kai Jamus ne kuma shekarar ta yi, nemi birnin Danzig daga hannun Folan. Tana auna maki, ta bi wanda ya fi nauyi, shi ke nan.

Kamar maigadi ne da aka ce masa duk inda ya ji motsi ya je ya duba. Ɓarawo ya jefa dutse ta ƙofar gabas, maigadi ya ruga can da fitila, shi kuwa ya haura ta yamma. Gobe ma a sake jefa dutsen, ya sake rugawa. Haka ƙwararrun 'yan wasa ke yi wa kwamfutar. Sun daɗe suna dariyar yadda take kwashe sojoji daga wannan gefen fagen daga zuwa wancan har su gaji a hanya ba su harba ko harsashi ba, da yadda take barin tashar jiragen ruwa ba tsaro, mutum ya sauke dakaru a bayanta, ko ta tura runduna bayan runduna cikin sahara inda babu abinci babu mai, su ƙare ba tare da an taɓa su ba.

Nan aikin masu gwaji yake. Mutane na ɗauka mai gwajin wasa ya ci banza, ana biyansa yana sheƙe ayarsa. Aikin ya fi kama da na mai binciken kuɗi. Zai buga farmaki ɗaya sau da dama, yana sauya abu guda kowane karo, yana rubuta abin da ya faru. Akwai kuma gwajin da babu hannun mutum a ciki sam: a bar kwamfuta ta riƙe dukkan ƙasashe, a saki wasan ya yi ta gudu shi kaɗai, sannan a zo a buɗe taswira a gani. Ko a Hearts of Iron IV ɗin akwai umarnin da mai wasa zai rubuta ya koma ɗan kallo. Tambayoyin da mai gwaji ke yi wa taswirar ba su da yawa. Yaushe Faris ta faɗi? A ƙarshen 1941 ina Jamusawa suka tsaya a ƙasar Rasha? Italiya ta gama da Habasha ko har yanzu tana maƙale a duwatsu? Idan a gudu goma Jamus ta sha kashi tun a Beljiyam a bakwai daga ciki, to wasan ya karye, ko da babu kuskure ɗaya a cikin lissafinsa.

Faɗuwar Faransa ita ce ciwon kan da ya fi kowane. A tarihi Jamus ta kai farmaki ranar 10 ga Mayun 1940, ta kutsa ta dajin Arden inda manyan hafsoshin Faransa ba su zaci tankoki za su iya ratsawa da sauri ba, ta haye kogin Meuse a Sedan cikin kwana uku. Faris ta faɗi 14 ga Yuni, aka sa hannu a tsagaita wuta 22 ga wata. Mako shida ke nan. Amma idan aka jera ƙarfin ɓangarorin biyu a takarda, Faransa da ƙawayenta ba su gaza Jamus a yawan sojoji ko tankoki ba, wasu tankokin Faransa ma sun fi na Jamus kaurin sulke. Abin da ya kayar da su shi ne mummunan zato, da jinkirin umarni, da ruɗewar shugabanni. To ta yaya za ka koya wa na'ura ruɗewa? Kuma mai wasan da ya zaɓi Faransa ya riga ya karanta tarihi, ya san Arden, ba zai bar ta a buɗe ba.

Mafitar da masu ƙera wasan suka samu ita ce su ɗaure ƙasar da nauyi tun daga farko. Faransa tana fara wasan da alamomin rauni a jikinta: gwamnati a rarrabe, jama'a sun gaji da yaƙi tun na 1914, hafsoshi sun dogara da katangar Maginot. Kowace alama tana rage mata wani abu, har da juriyarta kafin ta miƙa wuya. Tarayyar Sobiyet ita ma tana ɗauke da tabon kisan hafsoshin da Stalin ya yi a ƙarshen shekarun 1930. Mai gwaji ne zai ce nauyin ya yi yawa ko ya yi kaɗan. A ƙara kaɗan, wanda ya zaɓi Faransa ba shi da fata. A rage kaɗan, yaƙin duniya ya ƙare a 1940 kuma wanda ya zaɓi Amurka ya zauna ba abin yi. Ina ganin a nan wasan ya fi litattafan makaranta da yawa gaskiya, domin yana tilasta wa mutum ya gane cewa abin da ya faru ba dole ne ya faru ba.

Maganar maguɗi kuwa, akwai shi, amma sau da yawa mai ƙorafin ake yi wa alfarma. Sid Meier, wanda ya ƙirƙiro wasan Civilization, ya ba da labari a taron masu ƙera wasanni na 2010 kan gwajin Civilization Revolution. Masu gwaji sukan shiga faɗa da ƙarfi uku a kan ɗaya, su sha kashi, su zo suna kuka. A lissafi, uku da ɗaya na nufin za ka faɗi sau ɗaya cikin huɗu. Ba su yarda ba. Amma idan su ne masu ɗaya suka kayar da mai uku, ba wanda ke cewa uffan, sai su ce iyawarsu ce. Ƙarshe sai da aka karkatar da lissafin ya dace da abin da zuciyar mai wasa ke so, har wasan ya riƙa tuna faɗan baya don kada mutum ya faɗi sau biyu a jere alhali yana da rinjaye. Inda ake ba kwamfuta fifiko kuwa, kamar matakan wahala na sama a Civilization da ake ƙara mata kayan aiki da dakaru tun farko, a fili ake yi, kuma mai wasa ne ya zaɓa da hannunsa. Ana ba ta ne don ba ta da wayon da za ta yi gogayya ba tare da shi ba.

Ana iya gina kwamfutar da ta fi haka wayo. A 2019 manhajar AlphaStar ta kamfanin DeepMind ta kai matakin ƙoli a wasan StarCraft II, bayan horo na makonni a kan manyan na'urori. Amma ba irinta ake sayarwa a wasan gida ba. Tana da tsada, duk gyaran da aka yi wa wasan sai an sake mata horo, kuma ba wanda zai biya kuɗi don a riƙa lallasa shi kullum.

Inda nake ganin laifin kamfanonin shi ne gaggawa. An saba yanzu a fitar da wasa da ɗanyen gwaji, masu saye su zama masu gwaji kyauta, gyara ya biyo baya a hankali, galibi tare da sabon ƙari na kuɗi. Tsarin kai wa sojoji guzuri a Hearts of Iron IV sai a Nuwamban 2021 aka sake masa gini, lokacin da ƙarin No Step Back ya fito, aka shigo da layin dogo da cibiyoyin rarraba kaya. Shekara biyar ke nan bayan fitowar wasan, alhali guzuri shi ne rabin wancan yaƙi. Tsofaffin sojojinmu da suka je Bama sun san haka. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda akwai 'yan Arewa da yawa a cikinta, ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944 inda babu hanyar mota ta kirki, jiragen sama ke jefo musu abinci da harsasai, 'yan dako kuma su ɗauka a ka su ratsa daji. Tun da aka gyara tsarin guzurin a wasan, wanda ya tura tankoki nesa da layin dogo zai ga mai ya ƙare musu a tsakiyar fili, sojoji su fara narkewa. Da yawa daga masu cewa an yi musu maguɗi a bakin kogi, da za su danna taswirar guzuri, za su ga yankin nasu ya daɗe da yin ja.