Bututun Rarar Ruwa: Mu Buɗe Shi Tun Kafin Agusta

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyinmu da yawa a Karfi da sauran ƙauyukan ƙasar Malumfashi da Funtua suna dogara da ƙaramin dam ko tafkin gona. Da shi muke shayar da shanun huɗa, da shi muke ban-ruwan tumatir da barkono da rani, wasu kuma suna kiwon kifi a ciki. Yin dam ba baƙon abu ba ne a nan. Shirin Raya Aikin Gona na Funtua, wanda aka soma a 1975 da taimakon Bankin Duniya, ya gina ƙananan madatsun ruwa na ƙasa a wannan yanki tun muna cikin Jihar Kaduna, kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Gina dam aikin wata kaɗan ne, amma kula da shi aikin kowace shekara ne. Abin da aka fi mantawa da shi kuwa shi ne bututun rarar ruwa.

Amfanin bututun

Jingar dam da ƙasa aka yi ta. Tana iya tare ruwa shekara da shekaru, amma ba ta jure ruwa ya bi ta kanta. Da zarar ya haura, sai ya soma cin bayanta, zaizaya ta zama kwazazzabo, cikin sa'o'i kaɗan jinga ta tsage. Shi ya sa ake binne bututu a cikinta, domin in ruwa ya kai iyakarsa rarar ta fice ta nan.

Mu yi lissafi. Ruwan sama inci 1 a kan eka 1 ya kai durom 500, irin durom mai cin lita 200. A ce eka 50 ke zubo wa dam ruwa, aka kuma yi ruwa inci 2 a dare ɗaya. Durom 50,000 ke nan. Ko kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai ya gangaro, durom 12,500 sun shigo. A watan Agusta, lokacin da ƙasa ta ƙoshi, dam kuma ya cika, wannan ruwa dole ya nemi hanya. In bututu a toshe yake, ta kan jinga zai bi.

Manyan madatsu ma ba su tsira ba. A Agusta 1988 dam ɗin Bagauda na Jihar Kano ya ɓalle bayan ruwa mai yawa, ya ci gidaje da gonaki. A Satumba 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Namu ƙanana ne, amma a ƙasansu akwai gonar maƙwabci, akwai hanyar da yara ke bi.

Abin da ke toshe shi

Ruwan farko na damina yana kwaso karan dawa da na masara, da rassa, da leda da gorunan roba. Kainuwa da kacalla suna taruwa a bakin bututun. Kara ɗaya in ya gitta, sai ganye ya maƙale, laka ta bi ta liƙe. Saiwar itacen da ya tsiro a kan jinga takan shiga ta mahaɗar bututu. Da rani kuma gafiya takan yi gida a ciki. Wani lokaci mu da kanmu muke jawowa: mukan ɗaura raga mai ƙananan idanu a bakin bututu don kada kifi ya gudu, ita kuwa raga irin wannan ba ta kwana biyu sai ta toshe.

Alamarsa ba ta da wuyar ganewa. Ruwa ya rufe bakin bututu amma ta baya ɗigo kawai ake gani, ko kuwa an kwana biyu da ɗauke ruwa amma dam bai sauka ba.

Gargaɗi kafin aiki

Kada kowa ya nitse don ya zaro abin da ya toshe, kome gwanintarsa a iyo. Bututu mai faɗin inci 12, in ruwa ya kai ƙafa 6 a bisa inda ya toshe, nauyin da ke danna wurin ya wuce kilo 130, wato ya fi buhun masara. Da toshiyar ta buɗe, wannan ƙarfi zai zuƙe hannu ko ƙafa, ya manne mutum a ƙarƙashin ruwa, ba kuwa mai iya fizgo shi. Haka kuma kada a tsaya daidai bakin bututun ta baya ana zungura, gama ruwa da laka da itace za su fito kamar an harbo su. Kada a tura yaro cikin bututu. Kada mutum ya yi aikin shi kaɗai, ko da dare. A tuna kuma macizai suna son irin wannan wuri.

Yadda za mu yi

Da fari a kori yara da dabbobi daga ƙasan dam, a kuma sanar da masu gonakin wajen.

Na biyu, a rage ruwa har bakin bututu ya bayyana. Injin ban-ruwa yana yi. In babu mai, tiyo mai kauri ya isa: a cika shi da ruwa, a toshe bakunansa biyu, a sa ɗaya cikin dam, a haurar da ɗayan bayan jinga zuwa inda ya fi fuskar ruwan ƙasa, sa'an nan a buɗe. Zai yi ta ja da kansa. In ba gaggawa, kada a sauke fiye da ƙafa 1 a yini, don jinga mai jiƙe takan zame in ruwa ya janye da sauri.

Na uku, a tsaya a kan jinga a kwashe sharar bakin da manjagara ko ƙugiya mai doguwar ƙota. A kai ta nesa, kada ruwan gobe ya komo da ita.

Na huɗu, in toshiyar tana ciki, a auna nisanta da gora. A zungura a hankali daga wajen dam, ana juyawa. In laka ce, a zura tiyon inji a ciki a kunna, ruwa zai narkar da ita. In gora ta wuce, a ɗaura mata igiya, a ja buhu mai ɗan yashi ta ciki sau biyu ko uku, ya share sauran. Kada a buga rodi da guduma. Bututun da ya fashe a cikin jinga ya fi toshiyar haɗari, don ruwa zai riƙa cin ƙasa ta ciki ba a gani.

In an ga ruwa mai launin ƙasa yana ɓulɓulowa ta gefen bututu, ko jinga ta lotsa a bisansa, a dakata. Wannan ya wuce aikin gayya. A kira malamin gona ko injiniyan ƙaramar hukuma, a ci gaba da rage ruwa.

Masu taka ruwan su sa takalmin roba, su yi wanka da sabulu nan take. Masu bincike da suka yi aiki a Malumfashi a shekarun 1970 sun nuna tsargiya ta yi yawa a wurin masu shiga irin waɗannan ruwaye, musamman yara maza.

Don kada ya sake

A yi wa bakin bututu keji na rodi, a kafa shi ƙafa 2 ko 3 daga bakin, tazarar rodin kamar rabin faɗin bututun. Ƙaramar shara za ta wuce, babba ta tsaya a inda manjagara za ta kai. Ragar kifi ma a kewaya ta nesa haka nan. A sare ƙananan itatuwan kan jinga, a bar ciyawa. A kuma gyara makwararar gaggawa a gefen dam, a kan ƙasar asali, mai faɗi, wadda ta fi kan jinga ƙasa. Ita ce za ta cece mu ranar da bututu ya kasa. Kada a yi shuka a cikinta, kada a tare ta da buhuna don a ƙara ruwa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna ba kowace ƙungiya shawara ta sa ranar gayya a Maris ko Afrilu, lokacin da ruwa ya ja baya, bututu kuma a bushe yake, ana iya haska shi da tocila daga wannan baki zuwa wancan. A zaɓi mutum biyu da za su riƙa dubawa bayan kowane ruwa mai ƙarfi, daga Yuni har Oktoba. Sakatare ya rubuta sunayensu a littafin ƙungiya, a kuma ware kuɗin rodi da tiyo daga asusu tun a taron wannan wata.